Shekara biyu ina biyan bashin katin banki, amma kamar ina zuba ruwa a kwando

BabanIlham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango.

Ina aiki a wani kamfani a Sharaɗa, albashina dubu 210. Shekara biyu da 'yan watanni da suka wuce bankin da ake biyan mu albashi ta cikinsa suka turo ma'aikatansu ofis suna tallan wani kati. Ba irin na ATM ba ne da kake cirar kuɗinka, wannan kuɗin banki kake kashewa ka biya daga baya. Na karɓa na jefa a durowa, wata huɗu ban waiwaye shi ba. Ranar da maiɗakina ta tashi haihuwa, ƙarfe biyun dare aka ce sai an yi mata aiki, a ajiye dubu 280 kafin a shiga da ita. Abin da ke asusuna bai kai dubu 40 ba. Na hau babur na koma gida, ina lalube a duhu don ba wuta, na zazzage durowar a kan gado har na samo shi. Har yau ina tuna ƙarar da na'urar POS ɗin ta yi tana fito da takarda, na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

To daga nan ne fa. Ragon suna da shi na saya. Azumi ya zo na zura shi a kanti. Kuɗin makarantar babbar 'yata, shi. Yau da na duba, ana bi na dubu 600 cif. Duk wata suna cire kusan dubu 30 daga albashi, amma bashin yana nan kamar an dasa shi. Watan jiya ma sai da na ci dubu 85 a wata manhajar rance ta waya don in cike giɓi.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan ramin ya fito, don Allah ta ina ya fara? Kuma na roƙe ku, kada a fara da cewa riba haramun ce. Na sani, ita ce ma ke hana ni barci.

Dan_Kwari77:
Wa alaikumus salam. Allah ya yaye maka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kada ka ɗauka kai kaɗai ne. Amma tambaya ɗaya kafin komai: katin yana aljihunka yanzu?

BabanIlham:
Yana nan a walat.

Dan_Kwari77:
To ai ka ga matsalar. Kana kwalfe rijiya kana kuma tura mata kwata. Ɗauko almakashi.

Abu_Huzaifa_Gwale:
Ka ce kada a faɗa, amma ɗan'uwa dole a faɗa. Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, aya ta 275 a Suratul Baƙara. Duk dabarar da za a ba ka a nan, in ba ka fara da tuba ba, aikin banza ne. Ni ban ga dalilin da zai sa Musulmi ya sa hannu a takardar da aka rubuta kuɗin ruwa ƙarara ba.

Ummu_Sadiq:
Haba malam. Mutum ya ce matarsa na kan gadon asibiti ƙarfe biyun dare. Da ya kira ka a lokacin, dubu 280 ɗin za ka tura masa? Ya ce ya sani, ya ce abin na damun sa. Ai nadama ita ce tuba. Yanzu hanyar fita yake nema.

Abu_Huzaifa_Gwale:
Na asibitin ban ce komai ba Hajiya, lalura ce. Ragon suna fa? Kayan azumi fa?

MalaminLissafi:
Ku dakata tukuna, mu ga abin da lambobi ke cewa. BabanIlham, duba takardar bayanin asusun da suke turo maka duk wata. Kashi nawa ne kuɗin ruwan, kuma a wata ne ko a shekara? Sannan dubu 30 ɗin nan, kai ka yanke ta ko su suka ce ita ce mafi ƙarancin biya?

BabanIlham:
Na duba. Kashi 3 cikin ɗari ne a wata. Dubu 30 kuma su suka sa, wai kashi 5 na abin da ake bi na.

MalaminLissafi:
Yauwa. To bari ka ga inda kuɗinka ke tafiya.

Kashi 3 na dubu 600, dubu 18 ke nan. Ma'ana a cikin dubu 30 da suke cirewa, 18 kuɗin ruwa ce tsantsa, ta tafi har abada. Dubu 12 kacal ke taɓa uwar kuɗin. In a cikin watan ka sayi buhun shinkafa ko ka zuba mai da katin, ka mai da dubu 12 ɗin har da ƙari. Shi ya sa ka ga bashin bai motsa ba. Ba asiri aka yi maka ba.

Kuma kada kashi 3 ya ruɗe ka don ya yi kama da ƙaramin abu. In ka bar shi yana hawa kan kansa wata 12, ya haura kashi 42 a shekara.

Ga abin da ya fi ba ni haushi game da wannan mafi ƙarancin biyan. Tunda kashi 5 ne na ragowar bashi, duk lokacin da bashin ya ɗan sauka, shi ma abin da suke cirewa sai ya sauka. Kai kana murna an rage maka, alhali igiyar aka ƙara wa tsawo. Ko da ka daina taɓa katin yau, in ka tsaya a kan abin da suka yanka, kusan shekara uku nan gaba za a tarar ana bin ka dubu 300. Rabi kawai ka ci.

Amma in ka tsaya a kan dubu 30 daram, ko sun ce ka kawo ƙasa da haka ka ƙi, wata 31 ka gama, jimillar abin da za ka biya wajen dubu 930. In ka iya dubu 50, wata 15 da 'yan kwanaki, jimilla wajen dubu 755. In dubu 60 ce, shekara ɗaya, wajen dubu 724. Dubi tsakanin 30 da 50: ƙarin dubu 20 a wata ya tsame maka kusan dubu 175 daga bakinsu, ya kuma rage maka wata 16 na fargaba. Duk wannan lissafin da sharaɗin ba ka ƙara zura katin ko'ina ba, kuma ban sa wasu ƙananan cajin da suke liƙawa ba.

Hajjo_Kurna:
Innalillahi. Malam ka sa na je na ɗauko tawa takardar. Wallahi ni ma tunanina in dai ina biyan abin da suka ce, to ina kan hanya.

BabanIlham:
Malam na gode, Allah ya ƙara basira. Shekara biyu ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini wannan bayanin. Sai dai dubu 50 daga 210, ga haya, ga yara uku, ga mahaifiyata a Gwarzo da nake aika wa. Ga kuma na manhajar nan da ya kusa cika wa'adi.

Yaro_FarmCentre:
Yaya wannan na manhajar shi za ka fara kashewa, ko me za ka sayar ka sayar. Ni na ga abin da suka yi wa abokin shagona. Dubu 40 ya ci, ya yi lattin kwana shida. Sai ga saƙo a wayar surukarsa, uwar matarsa fa, da hotonsa, wai ɓarawo ne ana neman sa. Har limamin masallacin layinsu sai da aka tura wa. Mutumin ya yi sati biyu yana zagayawa ta bayan layi don kada ya bi ta majalisa. Banki ko ba komai ba zai kira surukarka ba.

TsohonMaBanki:
Na yi shekara 14 a banki kafin na bari, wasu daga ciki a sashen karɓo bashi, don haka bari in ɗan tofa.

Abin da Yaro_FarmCentre ya faɗa gaskiya ne, kuma abin da masu manhajar suka yi ya saɓa wa doka. Hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin masu manhajojin nan a Legas a watan Maris na 2022, daga baya ta wajabta musu rajista. Google ma tun ƙarshen Mayun 2023 ya hana manhajojin rance da ke Play Store shiga lambobin waya da hotunan mutum. Waɗanda har yanzu suke wannan cin mutuncin galibi ta wani mahaɗi ake turo maka su ka sauke a gefe. BabanIlham, taka daga ina ka sauke? In sun fara barazana, ɗauki hoton saƙonnin ka adana, ka kai ƙara FCCPC. Amma kuɗinsu dai ka biya, kuma shi ne na farko, don ruwansa ya ninka na katin nesa ba kusa ba.

Sai maganar katin. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya riƙa ɓuya, ya daina ɗaga waya. Mu a can ciki, wanda ya kawo kansa kafin ya gaza biya daban muke kallon sa da wanda muka nemo. Ka je reshenku, ba wurin masu karɓar kuɗi a kanta ba, ka ce kana son ganin jami'in da ke kula da asusunka. Ka tafi da wasiƙa a rubuce, kwafi biyu, su buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe. Abin da za ka nema: a rufe katin, a mai da ragowar ya zama rance mai ƙayyadadden wa'adi da biya ɗaya tsayayye duk wata, a kuma duba yiwuwar rage ruwan da yafe tarar latti in akwai. Ba na yi maka alkawarin za su amince da duka ba. Amma tunda albashinka a hannunsu yake kuma ba ka taɓa tsallake wata ba, kana da bakin magana. Duk abin da aka amince, a rubuta. Maganar baki ta manaja, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ta bi shi.

Sarkin_Dabara:
Ni fa shawarata mai sauƙi ce. Ka je wurin akanta na kamfaninku ka ce a mai da albashinka wani banki. Su zauna da katinsu. Me za su yi, kama ka za su yi?

TsohonMaBanki:
Kada ka soma. Wannan dabarar ta mutu tun 1 ga Agustan 2020, lokacin da tsarin GSI na Babban Bankin Najeriya, wato izinin cire bashi daga duk asusun mai bashi, ya fara aiki. In ka sa hannu a kan wannan izinin lokacin karɓar bashi, kuma yanzu kusan duk takardar rance tana ɗauke da shi, to in ka ƙi biya suna iya bin lambar BVN ɗinka su kwashe daga asusunka na kowane banki. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru suke da ikon ɗiba ta wannan hanyar, ban da tarar latti. Bayan haka sunanka zai shiga wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Gobe ka je ko bankin Musulunci ne neman a saya maka adaidaita sahu, can za su fara dubawa.

Abu_Huzaifa_Gwale:
A nan kam ina tare da tsohon ma'aikacin banki. Uwar kuɗin haƙƙi ce, ka ci dole ka biya. Jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, haka ya zo a hadisi. Kuma an kawo gawar wani sahabi Annabi (SAW) ya tambaya ko ana bin sa bashi, bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ba abin wasa ba ne. Ummu_Sadiq, ba wai ina yi masa dariya ba ne, tsoro nake ji masa.

Ummu_Sadiq:
To yanzu ka yi magana malam. Allah ya sa mu dace.

BabanIlham, ni tambayata daban ce, kuma ka yi haƙuri. Maman Ilham ta san da wannan bashin?

BabanIlham:
Ba ta sani ba.

Ummu_Sadiq:
Na zata. Ku maza kuna da wannan halin, wai rufin asiri. Bari in ba ka labarina. Maigidana ya yi shekara ɗaya da rabi yana fama da rancen albashi ban sani ba. Ni kuma ina ta yi masa lissafin ankon bikin 'yar yayata, ina fushi wai ya canza, ya zama marowaci. Ranar da na gane, wayarsa ce ta yi ƙara yana banɗaki na ga saƙon cire kuɗi. Da ya fito ban ce masa komai ba, sai da yara suka yi barci. Da ya faɗa mini adadin, kuka na yi, ba don kuɗin ba, don watannin da na yi ina zargin ko aure zai ƙara.

Washegari na ɗauki 'yan kunnena da zobe biyu na gwal na tafi Kasuwar Rimi. Ina tsaye mai shagon ya goga su a dutsensa, ya ɗora a ɗan sikelin nan, ya juyo mini da kalkuleta. Hannuna har rawa yake, don zoben ɗaya mahaifiyata ce ta ba ni. Na ce ya cire shi, na sayar da sauran. Kuɗin bai biya duka ba amma ya karya ƙashin bayan bashin. Kuma daga ranar cefanen gidan ya koma hannuna, na san inda zan matse. Mace ta san inda dubu goma ke ɓuya a kicin, kai ba ka sani ba.

Ka faɗa mata. Ita aka yi wa aikin nan, ba za ta ƙi fahimta ba.

Dan_Kwari77:
Hajiya ba duka mata ne irinki ba fa. Wani ya faɗa wa matarsa da daddare, kafin azahar gidan surukai sun ji, kafin la'asar an kira taron dangi.

Hajjo_Kurna:
Kai Dan_Kwari, ku kuma maza a majalisa me kuke yi in ba kwance wa juna zani ba?

Zee_Hotoro:
Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne ragon suna da bashi. Wa ya ce dole sai ranar bakwai in babu hali? Mu muka ɗora wa kanmu. A yi suna sai an yi rumfa, an yi abinci kala uku, an raba robobi da hoton jariri. Lefe akwati goma sha biyu. Mutumin da albashinsa bai wuce mafi ƙarancin dubu 71 na jiha ba, shi ma so yake ya yi irin na ɗan kasuwar Singa. Ba katin ne ya ci mu ba, "me mutane za su ce" ne.

Baffa_Dorayi:
'Yata Zee, kin yi gaskiya rabi. Amma ki tuna tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 a lissafin gwamnati da kanta. Da yawa masu cin bashin nan ba rumfa suke kafawa ba, masara suke saya. Ni na yi ritaya, ina ganin yaran unguwa masu aiki, ranar 15 ga wata albashi ya ƙare. A zamaninmu sai ka je wurin mai kanti ya rubuta a littafi, ƙarshen wata ka biya abin da ka ɗauka ba ƙari ko kwabo. Yanzu mai kantin ma ya manna takarda: ba bashi.

DanWapa:
Ku gode wa Allah bashinku na naira ne. Wani abokin cinikina yana da kati na dala, ya kashe dala 2,000 a Dubai farkon 2023, yana cewa zai biya a hankali. Lokacin a nan Wapa dala tana wajen 750. Kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500. Bashin bai ƙaru da yawa a dala ba, amma a naira ya ninka. Ƙarshenta fili ya sayar a Rijiyar Zaki. Wanda samunsa naira ne, kada ya kuskura ya ci bashi da kuɗin da ba shi yake samu ba.

FastCash_Arewa:
*[Admin ya goge wannan saƙon]*

Admin_Sani:
Mutum na neman fita daga rami kai kana tallan sabon rami. Na cire shi daga zauren. A ci gaba.

Bakano_a_Ingila:
Gaisuwa daga nan Ingila. Nan kusan kowa da irin wannan katin yake yawo, kuma katin kansa ba shi ne dodon ba. In ka biya duk abin da ka kashe kafin ranar da suka sa, ba ruwan da zai hau. Tarkon yana wurare biyu: biyan mafi ƙaranci da MalaminLissafi ya warware, da cirar tsabar kuɗi da katin. In ka ciri tsaba, ruwa daga ranar yake fara hawa, ga caji a kai. Nan har doka aka yi, in banki ya ga ka yi wata 18 abin da kake biya na ruwa da caji ya fi abin da kake ragewa daga uwar kuɗi, dole ya tuntuɓe ka. Ka ga su ma sun san abin yana cinye mutane.

Abu_Huzaifa_Gwale:
Ko ka biya kan lokaci, ai ka riga ka sa hannu cewa ka yarda da riba in ka makara. Malamai da yawa a nan suka tsaya.

Bakano_a_Ingila:
Na san da wannan maganar malam, ba fatawa na bayar ba. Yadda injin ke aiki na faɗa.

BabanIlham:
Tsabar kuɗin nan kuwa na sha cira a wurin masu POS. Ashe shi ya sa wasu watannin nake ganin abin ya fi lissafina.

Wani ya ba ni shawara a gefe wai in je bankin Musulunci su biya mini, in riƙa biyan su ba ruwa. Akwai wanda ya san ko ana yi?

Aisha_BUK_Road:
Ina aiki kusa da wannan harkar. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara a 2012 da reshe a nan Kano, da TAJ da Lotus da suka biyo baya, yawancin abin da suke yi ciniki ne. Su sayi mota ko kaya su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali, wato murabaha. Ba su cika miƙa tsabar kuɗi don a je a biya wani bashin ba, saboda babu hajar da za a yi ciniki a kanta. Ka je ka tambaya ba laifi, amma kada ka ɗora rai. Abin da ya fi kusa da kai shi ne ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, in kamfaninku na da ita. Da yawa a Kano suna ba mambobi rance ba ƙari, a riƙa cira daga albashi. Sai ka ci nasu ka rufe katin gaba ɗaya rana guda.

Dan_Kwari77:
Ko adashe. Mu a Kwari da shi muke tashi. Ka samu mutum goma kuna zuba dubu 50, ka roƙi a ba ka ɗaukar farko, dubu 500 ke nan a hannu. Ka kai banki ka watsa musu, saura dubu 100. Sauran wata tara kana zubi ba ko sisin ruwa.

MalaminLissafi:
A takarda wannan ya fi duk lissafin da na yi a sama. Matsalar ita ce a watannin farko zai haɗa zubin dubu 50 da biyan ragowar dubu 100 na katin. Sai ya tabbatar numfashinsa zai kai.

Hajjo_Kurna:
Kuma wa zai ba baƙo ɗaukar farko? Ni uwar adashenmu sai ka yi zagaye biyu da ita lafiya kafin ta matso da kai gaba. Tun da wata ta ɗauki na farko ta kashe waya ta koma garinsu, ta daina sassauci. Mu tara muka yi ta zubi muna cike gurbinta.

Baffa_Dorayi:
Akwai wata ƙofar da ba wanda ya ambata. Cikin mutum takwas da Allah ya lissafa su ci zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba, akwai waɗanda bashi ya yi wa katutu. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Hubusi, sannan attajirai da yawa suna fitar da tasu da kansu, musamman gab da azumi. Ɗana, in kana da wani babba a dangi mai fitar da zakka, ka je ka same shi kai da shi. Bashin asibiti ne asalinsa. Ba roƙo ba ne, haƙƙi ne.

BabanIlham:
Baffa na gode. Akwai ƙanin mahaifina a Dawanau, yana harkar riɗi. Wallahi nauyin fuskarsa nake ji. Shi ya hana ni karɓar katin tun farko, ya ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Baffa_Dorayi:
To ka je ya faɗa maka "ban gaya maka ba?" sau uku, ka sunkuyar da kai ka ce haka ne Baba. Wannan faɗan bai kai dubu 18 a wata ciwo ba.

Sarkin_Dabara:
Ni dai har yanzu ban ga laifin wanda ya ƙi biyan ruwan ba. Ya lissafa abin da ya ci, in ya biya ya wuce haka a shekara biyun nan, to sun ci nasu.

TsohonMaBanki:
A zuciya haka ne, a kwamfutarsu ba haka ba ne. Amma wannan lissafin yana da amfani a teburin sulhu. BabanIlham, ka nemi cikakken bayanin asusun katin tun daga ranar farko, ka tara abin da ka kashe gefe guda, abin da ka biya gefe guda. Wani lokacin ma sai ka tsinci cajin da bai kamata ba. In ka samu, rubuta musu ƙorafi, in sun yi biris ka wuce sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

MalaminLissafi:
In ka karɓo, rufe suna da lambar asusu ka turo mini a gefe, zan jera maka shi.

Zee_Hotoro:
Tambaya don Allah, ba ta BabanIlham ba. Ni bashi uku gare ni, dubu 35 na wata ƙawata ba ruwa, dubu 120 na manhaja, da dubu 200 na banki. Wanne zan fara?

MalaminLissafi:
Lissafi ya ce mafi tsadar ruwa, wato manhaja, sauran ki riƙa ba su abin da zai hana su tashi.

Ummu_Sadiq:
Ni kuma na ce ƙawar. Dubu 35 wata ɗaya kin gama, kin samu ƙarfin gwiwa, kuma kin tsira da zumunci. Manhaja ba za ta zo miki barka ba ranar da kika haihu.

Yaro_FarmCentre:
Anti manhaja ba za ta zo barka ba, amma za ta tura wa duk 'yan barkar saƙo.

BabanIlham:
Jama'a na gode ƙwarai, ban zaci za a tsaya mini haka ba. Ga inda nake. Katin na cire shi daga walat, ban yanka ba tukuna, gaskiya hannuna ya ƙi, ina tuna daren nan na asibiti. Na ba abokin aikina ya kulle a durowarsa. Akwai tsohon janareta da ba na tayarwa tun da mai ya yi tsada, an taya shi dubu 70, zan cika in kashe na manhajar kafin Juma'a. Litinin zan nemi izini a wurin aiki in je banki da wasiƙar. Ƙungiyar gama kai muna da ita, ban taɓa shiga ba, na ji sai ka yi wata shida kana zubi kafin su ba ka rance.

Maganar Maman Ilham da ta Baba na Dawanau, ku bar ni in kwana a kansu.

Dan_Kwari77:
Durowar aboki ba almakashi ba ce. Sallah saura wata nawa?

Ummu_Sadiq:
Kwana nawa za ka kwana a kai? Ka bari sai ta ga ana fita da janareta ta tambaye ka?

Hajjo_Kurna:
TsohonMaBanki don Allah wasiƙar nan da Turanci ake rubuta ta ko Hausa ma ta yi? Kuma manajan reshe zan sa a sama ko wa? Ni ma Litinin ɗin zan je.